Maginin Da Ya Ba Da Shaida A Kan Kansa

Akwai wani magini a garin Tamale mai suna Buraima, amma duk unguwar Tishigu ba mai kiransa sai da Masta. Kakansa bafatake ne da ya biyo hanyar goro daga ƙasar Hausa, ya yada zango a nan bai koma ba. Shi Buraima bai gaji fatauci ba. Tun yana saurayi ya shiga aikin gini a ƙarƙashin Turawa, ya fara da ɗaukar kwanon siminti, har ya kai matsayin da shi ke ja wa wasu igiyar awo.

Shekara talatin yana gini, ba a taɓa nuna katangar da ya ɗora aka ce ga ta ta tsage ba. Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai yana da abu guda: ya yarda da idonsa ƙwarai. In leburori suka ɗauko tef za su auna, sai ya yi dariya ya ce, "Ku auna dai don ku huta da zargi. Abin da na gani shi za ku samu." Kuma sau da yawa hakan ake samu.

Wannan labari ya faru ne shekara guda bayan Gana ta samu 'yancin kai. A lokacin gari ya ɗauki zafin gini. Duk mai ɗan hali so yake ya sauke jinka ya ɗora kwano, ya ture laka ya sa bulo. Ofishin kansil, wato hukumar gari, kuwa ya kafa doka: ba mai haƙa harsashi sai ya kawo zanen gininsa an duba, an ba shi famit, wato takardar izini. Kuma a tsakanin gida da gida a wannan layi dole a bar lungu mai faɗin ƙafa shida, don ruwan sama ya samu hanya, mutane su wuce da kaya.

Wanda ke duba gine-gine a lokacin wani matashi ne, Imurana. Shi ne ɗan gari na farko da ya hau kujerar bayan Baturen da ke kanta ya tafi. Yana yawo a keke, tef a aljihu, gwangwanin jan fenti a ɗaure a baya. Wasu dattawa in ya wuce sai su ce, "Turawa sun tafi, sun bar mana tef ɗinsu da ɗanmu." Yana ji, sai ya wuce abinsa.

To, akwai wani attajirin dillalin shanu, Alhaji Mahamudu, da ya samu fili a bakin titi, ya ce sito zai gina da shaguna uku. Ya bi ƙa'ida tsaf. Ya kai zane, ya karɓi famit, ya kira Masta Buraima ya danƙa masa aikin.

A kusurwar filin akwai turken ƙarfe da masu safiyo, wato masu awon ƙasa na gwamnati, suka kafa cikin dunƙulen siminti. Daga kansa ake fara kowane awo. Ranar da aka kawo yashi, motar ta yi baya ta taka turken ya karye daga wuya, direba bai ma lura ba ya juye yashin a wurin. Buraima ya tsinci ƙarfen a gefe. Ya dubi tulin yashi, ya ga kwashe shi zai cinye rabin yini. Sai ya tsaya ya dubi bishiyar darbejiya, ya dubi kusurwar masallaci, ya ce a ransa, nan ne. Ya kafa ƙarfen, ya buga da guduma, ya zuba masa ɗan siminti. Ba wanda ya gani. Kafin la'asar shi kansa ya manta.

Gini ya tashi. Cikin wata biyu katanga ta kai linta, wato saman ƙofa, miƙaƙƙiya, masu wucewa suna tsayawa suna kallo.

A ɗaya gefen lungun akwai gidan Mma Safiatu. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gidan laka. A jikin lungun ɗakin girkinta yake, inda take dama koko ta soya ƙosai tun kafin fitowar rana. Da wannan ɗaki take ci da gidan.

Ruwan farko da ya sauka da ƙarfi, sai lungu ya kasa ɗauka. Ruwa ya taru ya kwanta a gindin bangon ɗakin girkin har laka ta fara zubewa. Washegari ta je ta samu Alhaji.

"Alhaji, katangarka ta ci lungu. Da can da kwarya a kai nake wucewa, wata ma ta wuce ta gefena. Yanzu sai na karkace."

Alhaji ya ce, "Mma Safiatu, ni da takarda nake gini. Kuma Masta Buraima ne ya ja igiya. Kin taɓa jin ya yi kuskure?"

"Ban ji ba. Amma lungun nan shekara ashirin ina binsa."

"To, ga kansil nan. Ƙofarsu a buɗe take."

Ta kuwa tafi. Magana ta raba unguwa biyu. Wasu suka ce mai kuɗi ne ke danne uwar marayu. Wasu suka ce baƙin ciki ne kawai, ta ga gini ya rufe mata gaban gida.

Ranar Talata da hantsi Imurana ya iso. Jama'a suka taru. Buraima yana tsaye a kan katakon gini, hankalinsa kwance, har yana yi wa leburori barkwanci. Imurana ya buɗe zane, ya nemi turke, ya durƙusa ya maƙala bakin tef a jikinsa.

A nan ne Buraima ya bar barkwancin. Ganin hannun yaron nan a kan ƙarfen ya dawo masa da komai: motar yashi, darbejiya, guduma. Ya buɗe baki, sai ya ji wata zuciya ta ce masa, dakata mana, ai idonka bai taɓa ba ka kunya ba. Ya rufe bakin.

Imurana ya auna sau biyu. Daga turke, katangar Alhaji tana kan layinta daidai. Amma lungu ƙafa huɗu ne, ba shida ba. Ya juya ga Mma Safiatu.

"Mma, ina takardar gidanki?"

"Gara ta cinye ta tun malam, mijina, yana da rai."

Imurana ya rufe zanen. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki yi haƙuri, Mma. Awo ya nuna ɗakin girkinki ne ya shiga lungu da ƙafa biyu. Ba yadda zan yi." Ya buɗe gwangwani ya shafa jan fenti a bangonta. Ya ba ta kwana goma sha huɗu ta rushe, in ba haka ba kansil ta zo ta rushe.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi jan fentin, ta dubi taron, ta shige gida ta saki labule.

Alhaji ya daki kafaɗar Buraima ya ce, "Ka gani? Gaskiya ba ta ɓuya."

Da azahar Buraima ya koma gida. Matarsa Ajara ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ya yi loma biyu ya ture. Ta dube shi.

"Masta, lafiya? Ai na ji ku kuka yi nasara."

Ya zayyana mata komai. Ta zauna a kan turmi.

"Ka tabbata ka kauce? Wataƙila daidai ka mayar da shi."

"Wataƙila. Amma matar nan ta ce lungu ya tsuke, kuma bangonta bai yi tafiya ba."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"To ka san Alhaji. In ya juya maka baya, rabin masu ba da aikin gini a garin nan sun juya. Muna da yara." Ta miƙe ta ɗauki kwanon, ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Ba ina ce ka yi shiru ba ne. Ina faɗa maka abin da ke gabanmu ne, kada daga baya ka ce ban faɗa ba."

Kwana uku yana juya abin. Daga ƙarshe ya ga ya samo mafita. Zai je ya ce wa Mma Safiatu ta bari a rushe, shi zai gina mata sabon ɗakin girki na bulo, kyauta, wanda ya fi na da. Ita ta samu ɗaki, Alhaji ya samu sito, shi kuma sunansa ya tsira.

Da safe ya same ta tana kwashe ƙosai daga kasko.

"Dasiba, Mma," ya yi mata ina kwana da harshen garin.

"Naa, Masta. Zauna."

Ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ta saurare shi har ya gama, tana juya ƙosai.

"Allah ya saka da alheri, Masta. Amma ba ɗakin ne ya dame ni ba. Laka ce, in ta faɗi a sake kwaɓawa." Ta ajiye matsamin. "Malam da hannunsa ya gina ɗakin nan. Ranar da zai fara sai da ya kira maƙwabta suka tsaya, ya ja baya da taku guda don kada ya ci haƙƙin hanya. Jiya 'yata ta je famfo, wata ta ce mata ashe ubanku ɓarawon ƙasa ne. Mutum yana kabarinsa, ba shi da bakin da zai kare kansa. Wannan za ka iya gina mini?"

Buraima ya sunkuyar da kai. Ya tashi ko sallama bai iya yi da kyau ba.

Daga nan kai tsaye ya wuce kasuwar shanu. Ya ja Alhaji gefe ya faɗa masa gaskiya, don bai so ya ji a bakin wani.

Fuskar Alhaji ta canza. "Kai da wa kuka san wannan?"

"Ni da matata, sai Allah."

"To ya tsaya nan. Ma'aikacin gwamnati ya auna, ya yanke hukunci. Kai ne za ka fi shi sanin aikinsa? In tausayinta kake ji, zan aika mata buhun gero."

"Alhaji, ba gero ta rasa ba."

"Buraima, ka saurare ni. Ni ban ci ƙasar kowa ba, ban ba kowa cin hanci ba. Na bi doka tun daga farko. Yanzu don gangancinka za a shafa wa ginina jan fenti, gari ya yi mini dariya? In ka buɗe baki, wallahi ko kejin kaji ba za ka ƙara ginawa a Tamale ba."

Buraima ya ce, "Kana da gaskiya, ba ka yi laifi ba. Ni na yi. Shi ya sa ba zan bari wata ta biya ba."

Ya hau kekensa ya nufi ofishin kansil.

Imurana ya saurare shi, alƙalami a hannu, bai rubuta komai ba. Da ya gama sai ya ce, "Baba, ka san taɓa turken safiyo laifi ne? Ana iya hana ka aiki."

"Na sani."

"Kuma maganar baki ba za ta soke awo ba. Sai da shaida."

"Dunƙulen simintin yana nan inda yake. Ba a yi daɓen sito ba tukuna. A ba ni diga."

Washegari taron ya ninka na farko. Mma Safiatu tana tsaye a ƙofar gidanta. Alhaji ya zo da mutanensa, fuska a murtuke. Buraima ya shiga cikin ginin, ya tsaya a kusurwa, ya fara haƙa da kansa. Leburorinsa suka zo za su karɓa, ya hana su.

Ya haƙa wuri na farko, ba komai. Wani daga mutanen Alhaji ya ce, "Tsufa ne ya fara taɓa Masta." Aka yi dariya. A wannan lokaci da ya so, da ya ajiye diga ya ce ashe ruɗewa ya yi, kowa ya watse, ya koma gida da mutuncinsa. Ya share gumi, ya matsa gaba kaɗan, ya ci gaba.

Diga ta yi ƙara a kan abu mai tauri. Ya durƙusa ya share ƙasa da hannu. Ga dunƙulen siminti, ga guntun ƙarfe a tsakiyarsa, ga lambar masu safiyo a jiki.

Imurana ya maƙala tef. Ƙafa biyu cif tsakaninsa da turken da ke waje. Ya sake auna lungu daga turken gaskiya. Bangon Mma Safiatu bai shiga ba ko da ɗan yatsa, har ma ya bar wa hanya rara.

Buraima ya fito ya tsaya a gaban jama'a, ƙasa har gwiwa. Ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku zama shaida. Alhaji Mahamudu bai ci ƙasar kowa ba. Malam Imurana bai yi awon ƙarya ba, turken da ya samu shi ya bi. Marigayi mijin Mma Safiatu bai ci hanya ba. Ni Buraima ni na mayar da turke da ido, don ƙyuya da yarda da kai. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Sai aka ji Mma Safiatu ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Talata.

Imurana ya nemi ruwa da tsumma, ya tafi da kansa ya kankare jan fentin da ke bangonta. Da ya dawo ya ce wa Buraima a hankali, "Baba, da ka yi shiru, da a shekarata ta farko na rushe ɗakin marayu da hannuna, ina ganin doka nake bi."

Aka zauna a zauren mai unguwa aka sasanta. Ba sai an rushe ginin duka ba. Katangar gefen lungu ce za a sauke a ja da baya ƙafa biyu, a gyara zane, a sabunta famit. Imurana ya rubuta wa kansil cewa maginin da kansa ya kawo maganar, don haka aka tsaya a gargaɗi. Buraima ya ce saukewa da mayarwa duka a wuyansa.

Alhaji ya ce, "Ka sauke, ka mayar, ka kwashe kayanka. Sauran aikin wani zai ƙarasa."

Sati uku Buraima yana wannan aiki. Bai ture katangar da ƙarfi ba. Bulo ɗai-ɗai ya riƙa cirewa, yana kankare simintin jikinsa, yana jerawa, don kada Alhaji ya yi asarar ko guda. Matan lungun suka riƙa ɗebo masa ruwa daga famfo ba wanda ya sa su. Kullum da safe Mma Safiatu takan ajiye masa koko a kan bulo ta wuce. Alhaji kuwa yakan zo ya tsaya daga nesa, ya kalla, ya tafi.

Alhajin ya kuma cika barazanar da ya yi. Ya ɗauko magini daga Kumasi ya ƙarasa sito, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ce, "Wanda ya kasa tsayar da turke shi za ku ba gida?" Masu ba da aikin gini suka janye. Damina guda Masta Buraima, wanda ya gina ofisoshi, yana yawo yana liƙe bangon laka da gyaran murhu. Ajara ta fara kai wake da shinkafa bakin tasha. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

Bayan kaka sai ga Imurana a ƙofar gida. Wasu 'yan'uwa biyu ne a unguwar Nyohini suka shekara suna rigima a kan katangar da ta raba gidan gado. An auna musu sau uku, kowa ya ce an haɗa baki da ɗan'uwansa. Ranar nan babban ya ce, "In dai ana so in yarda, a kira mutumin nan na Tishigu da ya ba da shaida a kan kansa." Ƙaramin ya ce shi ma ya yarda. Shi ne abu na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kai cikin shekara.

Buraima ya je. Ya riƙe bakin tef, Imurana ya riƙe ɗaya bakin, ya sa kowane ɗan'uwa ya karanta lambar da idonsa. Kafin azahar an gama. Daga nan duk inda aka samu saɓani a kan iyaka ko lungu ko famit, sai ka ji an ce, "A kira Masta." Aikin gini ma ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan.

Alhaji Mahamudu ya ɗauki shekara biyu bai yi masa magana ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Buraima yana ratsa kasuwa, sai ya ji an riƙe masa hannu. Alhaji ne. Bai sake shi ba sai da ya ja shi har tsakiyar rumfunan dillalai.

"Ku matso ku ji," in ji Alhaji. "A nan na ɓata mutumin nan, a nan zan wanke shi. Makarantar da zan gina wa yaran unguwa, shi zai gina. Zan tafi Kumasi wata uku, ba zan bar masa mai sa ido ba."

Buraima ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ce, "Alhaji, ka manta ne? Ni fa na yi kuskuren."

Alhaji ya ce, "Ban manta ba. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Shekarata sittin da biyar, na ga masu kuskure ba iyaka, ni ma ina cikinsu. Amma kai kaɗai na gani ya kamo kuskurensa da hannunsa ya kai shi gaban hukuma, alhali an riga an wanke shi. Na ji haushinka shekara biyu, Buraima. Da na zauna na bincika haushin, sai na tarar ba katanga ba ce. Ni ne na ce ka yi shiru, kai kuma ka ƙi."

Ya cire hannunsa daga na Buraima, ya miƙa masa shi sabo, a gaban kowa. Buraima ya karɓa da hannu biyu.

Darasi: Ba wanda ya fi ƙarfin kuskure, komai ƙwarewarsa. Amma in kuskurenka zai faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, shirunka ya zama zalunci, kuma kyauta ba ta maye gurbin gaskiya. Doka da takarda da tef ba sa yin adalci su kaɗai, sai an samu mai gaskiyar da zai nuna inda turke yake. Faɗin "ni ne na yi" yana iya raba ka da aiki na ɗan lokaci, amma yana saya maka amanar da kuɗi ba sa saya. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu gini da masu rigimar iyaka. Wataƙila akwai wanda yake riƙe da wata gaskiya, yana jiran abin da zai ƙarfafa masa gwiwa.